Abin da na koya game da ƙarfin inhelar asma da yawan fesawa

Ɗana na biyu yana shekara 9 lokacin da asma ta tsananta masa, a wani hunturu da hazo ya rufe Kano har ba a hango Dutsen Dala daga Gwauron Dutse. Likita ya rubuta mana inhela mai launin shuɗi, wadda sinadarin cikinta shi ne salbutamol, amma da yake ban san komai game da ita ba, sai na riƙa fesa masa sau ɗaya a baki, ba tare da na girgiza ta ba, kuma in na ga ƙirjinsa bai daina kuka ba sai in ɗauka maganin ne ba shi da ƙarfi. Har kemis na je a Sabon Gari ina neman wadda ta fi ta.

Da muka koma asibiti, likitan ya juya gwangwanin ya nuna mini rubutun jikinsa: kowace fesawa maikirogiram 100 ce, gwangwani ɗaya kuma yana ɗauke da fesawa 200. Ya ce, "Malam, ƙarfin ɗaya ne, ƙidaya da yadda ake shaƙa ne suka bambanta." Ashe yawancin maganin a harshe da maƙogwaro yake tsayawa, bai kai huhu ba. Ya sa muka samo bututun roba da ake sanyawa tsakanin inhela da baki, ya koya mini in girgiza, in fesa sau ɗaya a ciki, yaro ya ja numfashi a hankali kamar sau biyar, sannan in sake girgizawa kafin ta biyu. Fesawa biyu ce ƙa'idarsa idan abin ya taso, tana fara aiki cikin kimanin minti biyar, ta kuma riƙe shi awa huɗu zuwa shida. Idan kuwa ya kasa magana saboda sarƙewar numfashi, an yarje mini fesawa ɗaiɗai, da tazarar daƙiƙa 30 zuwa 60, har zuwa goma, muna kan hanyar asibiti ba muna zaune a gida ba.

Injin tururin da ake sa wa yara a asibiti, wanda na daɗe ina ganin shi ne maganin gaske, wannan sinadarin ne dai ake zuba masa, miligiram 2.5 ko 5, adadin da ya ninka na fesawa ɗaya sau da yawa, kuma shi ya sa bayansa hannun yaro yake karkarwa, zuciyarsa tana bugawa da sauri.

Inda na fi yin kuskure shi ne gwangwani huɗu da muka ƙarar a shekara guda ina ganin kulawa ce. Likitan ya ce kaiwa uku a shekara alama ce ta cewa kumburin hanyoyin iska yana nan, domin shuɗiyar buɗe hanya kawai take yi, ba ta taɓa kumburin. Ya ƙara mana ta rigakafi da ake shaƙa safe da dare a kuma kurkure baki, duk da kakarsa ta nace cewa wanda ya saba da inhela ba ya rabuwa da ita. Yanzu ina rubuta ranar da muka buɗe kowane gwangwani a jikin kwalinsa, kuma na bana, da muka buɗe a watan Nuwamba, har azumi ya zo gwangwanin bai ƙare ba.