Asabar a gareji da Fijon mahaifina

Asabar, bayan sallar isha'i.

Har yanzu hannuwana warin fetur suke yi, duk da na wanke su da sabulu sau uku. Na gaji tilis, amma ina so in rubuta abin da ya faru yau tun kafin barci ya kwashe ni, don kada wani abu ya kuɓuce mini.

Tun ranar Talata Hajiya ta ce mini bikin jikarta da za a yi a Zariya mako mai zuwa, ita a motar mijinta take so a kai ta. Ban yi mata musu ba. Motar Peugeot 504 ce, salun, fara, mahaifinmu ya saye ta sabuwa dal a 1984 da bashin mota na ma'aikatan gwamnati. A nan Kaduna aka harhaɗa ta, a kamfanin da ke Kakuri, wanda ya fara aiki a 1975. Ita 504 a Faransa ta fara fitowa, a 1968, shekarar da ta biyo baya kuma aka zaɓe ta gwarzuwar mota a Turai, amma mu da muka tashi a Arewa tamu muka ɗauke ta. A wancan lokaci ita ce motar manyan ma'aikata, ita ce ta 'yan sanda, doguwarta kuma ita ke jigilar fasinja daga Kawo zuwa Kano. A kujerar bayan tamu na koyi karanta allunan kan hanya.

Abin da ke damuna shi ne na bar ta ta daɗe a ajiye. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, na rage fita da ita, daga baya ma na daina gaba ɗaya. Nakan tayar da ita sau ɗaya a wata, in bar ta ta yi silo, wato injin na aiki tana tsaye, na minti goma a ƙarƙashin rumfa, in kashe. Man da ke tankin bai taɓa wuce kwata ba. Na ɗauka kulawa nake yi.

Da safe na ɗaura batirin da na sa a caji jiya, na ja cok, a bugu na uku ta tashi. Na biya gidan mai na cika tanki har baki saboda tafiyar Zariya, na hau baifas don in ji lafiyarta. Da farko lafiya lau, sautin nan nata mai kauri yana nan yadda na san shi. Ban yi tafiyar kilomita shida ba ta fara shaƙewa. In na taka totur sai ta noƙe, ta yi tari, ta fizga, ta sake noƙewa, can sai ta mutu murus a gefen titi. Na yi ta bugu ta ƙi. Na zauna kamar minti biyar ina tunanin abin yi, na sake gwadawa, sai ta tashi kamar ba ita ba. Na juya, ban yi nisa ba ta sake mutuwa. A haka, tashi da mutuwa, na lallaɓa ta zuwa garejin Baba makanike a Tudun Wada.

Baba bai iso ba tukuna, sai yaransa suka kewaye ta. Ɗaya ya taɓa kwayil ya ji da ɗumi, ya ce shi ne, wai in ya yi zafi yana yanke wuta. Wani ya ce in daina wahalar da kaina, a cire kabiretar, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska, a jefar, a ɗaura mata ta ƙaramar motar Japan kamar yadda masu haya suke yi. Maganar ta sosa mini rai. Kabiretar Solex ce, da ita motar ta fito, kuma ba na son a yanke wa abu hukunci tun ba a buɗe shi an duba ba.

Wajen ƙarfe goma Baba ya iso a kan tsohon kekensa. Ya haura saba'in, shi ke gyara motar tun mahaifina na da rai. Na durƙusa na gaishe shi, ya dafa bonet ɗin kafin ya amsa.

"Ɗan Alhaji, ka tuna da ita ke nan."

"Baba, Hajiya ce ta ce a ita za ta Zariya."

"To, ai kuwa za ta je. Faɗa mini yadda take yi, kada ka tsallake komai."

Na faɗa masa. Ya tambaye ni ko farat ɗaya take ɗaukewa, kamar an kashe makulli, ko kuwa sai ta yi ta shure-shure. Na ce shure-shure take yi. Ya ce matsalar wuta yawanci yankewa take yi lokaci guda, amma motar da ke tari tana noƙewa kafin ta mutu, yunwa take ji. Duk da haka bai tsaya a kan zato ba. Ya sa aka cire tukunyar iska, ya ɗiga ɗan fetur da murfin kwalba a maƙogwaron kabireta, ya ce kowa ya ja da baya, ya ce in buga. Ta tashi nan take, ta yi gurnani na daƙiƙa uku, ta mutu. Ya juya ya kalli yaron da ya ce kwayil ne. Bai yi masa faɗa ba, ya dai ce masa wuta tana nan, fulogi na aiki, yanzu sai a bi mai daga inda ya tsaya har inda ya taso.

Abin da na fi so a aikin Baba ke nan, ba ya tsalle. Hanyar mai a wannan mota gajeriya ce: tanki a baya ƙarƙashin but, siririn bututun ƙarfe ya bi ta ƙasan mota zuwa gaba, sai filta, sai famfon mai da ke jikin inji, sai kabireta. Famfon ba na lantarki ba ne, juyawar injin ce ke motsa wata fata a cikinsa, ta zuƙo ta tura. Baba ya zare wayar kwayil don kada tartsatsi ya tashi, ya sa aka ajiye bokitin yashi a kusa, ya kori wani ɗan acaɓa da ke shan taba a bakin rumfar. Sannan ya cire tiyon da ke shiga kabireta, ya zura bakinsa a farar kwalba, na buga. Man ya fito a wahalce, ɗis-ɗis. Sai ya cire tiyon da ke shiga famfo daga baya, ya haɗa wani gajere ya tsoma a galan mai tsabtataccen fetur. Wannan karon famfon ya riƙa feso mai da ƙarfi, bul, bul, bul, daidai da juyawar inji. Famfo ya fita daga zargi.

Ya ɗaga kwalbar farko ya haska ta da rana, ya ce in zo in gani. Man ya yi duhu kamar shayi, warinsa ma ya canza, ya koma irin na tsohon fenti. A gindin kwalbar ga ruwa ya kwanta dabam, kaurin yatsa guda, da wani jan gari yana yawo a tsakaninsu. Ya ce tankin da aka bari fanko ta ciki yake gumi: da rana iskar ciki ta yi zafi, da dare ta huce, raɓa ta kwanta a bangon ƙarfen ta gangara ƙasa, tunda ruwa ya fi fetur nauyi. Daminar bana da ta bara duk a haka suka wuce, ga tsatsa ta ci. Shi kuma fetur in ya daɗe, mai sauƙin tashin cikinsa ya gudu, ya bar danƙo kamar ƙaro. Filtar da aka ciro, ko hurawa aka yi iska da ƙyar take ratsa ta.

Aka sa sabuwar filta. Wani yaro ya buɗe murfin tanki ya kasa kunne, Baba ya hura iska ta bututun zuwa baya, yaron ya ce yana jin ɓulɓuli. Hanya a buɗe take. Aka zuƙe lita biyu daga can ƙasan tankin har man ya fara fitowa garau.

Daga nan Baba ya kwance kabiretar ya zauna da ita a kan benci, da tsohon faranti a cinyarsa. Ya fi awa guda a kanta, ni kuma ina tsugune a gefensa. Ya buɗe ɗan kofin da mai ke taruwa, ya nuna mini fulot ɗin da ke yawo a kan man, da allurar da yake turawa ta toshe ƙofa in kofin ya cika. Ya kai fulot ɗin kunnensa ya girgiza, don in ya huje za a ji mai na motsi a ciki. Shiru, lafiyarsa ƙalau. Ƙasan kofin kuwa jan laka ne kwance. Ya warware jet-jet ɗin ɗaya bayan ɗaya, ƙananan tagulla masu siririn ramin da mai ke bi, ya jera su a farantin bisa tsarin da ya ciro su. Na silo ya toshe rabi. Wani yaro ya miƙo masa silin waya ya zura, Baba ya ture hannunsa. Ya ce tagulla taushi gare ta, in ka faɗaɗa ramin ko da kaurin gashi ne ka canza awon man har abada, mota ta koma shan mai da baƙin hayaƙi, don inji yana son iska kusan kashi 15 a kan kashi 1 na fetur, in a nauyi aka auna. Ya jiƙa su a fetur, ya hura da iskar famfon taya, ya riƙa ɗaga kowanne sama yana runtse ido ɗaya har sai ya hango hasken rana zagaye tas ta cikin ramin.

Muka yi azahar a masallacin bakin layi, muka ci shinkafa da wake. Bayan an mayar da komai ta tashi a bugu ɗaya, silo ya zauna daram. Raina ya yi fari. Baba ya ce ba zai karɓi ko sisi ba sai mun hau titi tare.

Mun wuce inda ta mutu da safe, har na fara hamdala a zuci. Kilomita uku gaba sai ga tarin nan ya dawo, ta noƙe, ta fizga, ta mutu. Gabana ya faɗi. Na fara lissafin kuɗin sabon tanki da sabon famfo, da yadda zan kalli Hajiya in ce mata a motar haya za mu.

Baba bai ce uffan ba. Ya fita, bai ko kalli bonet ba, ya zagaya wajen murfin tanki ya yafito ni. Ya ce in kawo kunnena. Ya murɗa murfin a hankali, sai na ji fuuu, doguwar zuƙar iska tana shiga, har ƙarfen tankin ya yi wani ƙas a ƙarƙashin motar.

"Ka ji? Ba ta numfashi."

Ya tambaye ni rami nawa nake huda wa gwangwanin madara in zan zuba a shayi. Na ce biyu. Ya ce to haka tanki yake, in mai zai fita dole iska ta shiga ta maye gurbinsa. In ƙofar iskar ta toshe, famfo zai yi ta ja har tankin ya fi ƙarfinsa. In ka tsaya, iska ta silalo kaɗan-kaɗan ta gefen murfi, mota ta sake tashi. A gida ban taɓa ganin haka ba saboda tankin kusan fanko ne, iska ta yi yawa a ciki, minti goma na silo ba zai nuna komai ba. Yau da na cika shi har baki ne abin ya fito fili. A gareji kuma mu da hannunmu muka buɗe murfin, ga ƙarar janareta, babu wanda ya ji zuƙar.

Muka dawo da murfin a sassauce, ko tari ɗaya ba ta yi ba. A gareji Baba ya shimfiɗa kwali ya shiga ƙarƙashinta da kansa, duk da na roƙe shi ya bar wa yara. Ya lalubo siririn tiyon numfashin tankin, ya zare shi, ya fito yana murmushi. Bakin tiyon a liƙe yake da busasshiyar jar ƙasa, an shafe ta sumul kamar aikin magini. Zanzaro ne ya yi gida a ciki. Da ya fasa da tsinke sai ga ɓawon tsutsa a ɗan ɗakin, da ƙafafun gizo-gizon da uwar ta tara mata. Yaran duk suka taru suna kallo, har wanda ya ce a jefar da kabireta.

Tsatsar tana nan, Baba bai ɓoye mini ba. Ranar Litinin za a sauke tankin a wanke shi, a shanya, a canza duk tiyoyin roba tunda sun fara tsattsagewa. Ya ce in tafi da filta biyu a aljihun mota, kuma daga yau in zan ajiye ta in bar tankin a cike, in riƙa hawa titi da ita ko sau ɗaya a mako. Da na miƙa masa kuɗi ya zari kaɗan ya mayar mini da sauran, ya ce in yi wa Alhaji sadaka da su.

Ana kiran magariba na shigo gida. Hajiya ta gane ƙarar tun daga bakin layi, na tarar da ita tsaye a zaure da carbi a hannu. Ta buɗe ƙofar gaba ta zauna a kujerar da ta saba zama, ta ce kada in kashe injin tukuna. Muka zauna a haka har aka tayar da salla.

Gobe in Allah ya kai mu, bayan na karya, zan leƙa kasuwar Panteka neman tiyon mai da sabuwar robar murfin tanki.