Abin da na gani a Assamaka

Ana ta maganar a ƙarfafa iyakoki saboda masu ƙaura sun yi yawa. Ni dai tun da aiki ya kai ni Assamaka, garin ƙarshe a Nijar kafin Aljeriya, kunnena ya daina jin maganar yadda yake ji da.

Aljeriya tana sauke mutanen da ta koro a wani fili da ake kira Point Zéro, su tako kusan kilomita 15 cikin rairayi. Na ga 'yan Gini da Mali, har da mata masu goyo, ƙafafu sun kumbura, leɓe ya tsage. Jami'an da ke wurin suna iya ƙoƙarinsu wallahi, amma ina mutum zai kai taron da ya zo masa lokaci guda? Ruwa kaɗan, wurin kwana ya cika, rajista kuma sai an yi dogon layi.

An gwada tsanani ai. Bayan dokar da Nijar ta kafa a 2015 ta hana safarar baƙin haure, an kama direbobi a Agadas, an ƙwace motoci. Tafiya ba ta tsaya ba. Sai aka bar hanyoyi masu rijiyoyi aka kutsa cikin hamadar Tenere, ƙishi ya kashe mutane da dama. A Nuwamban 2023 gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar.

Idan kuɗin ƙarfafa iyaka ya zo, ni a ganina a fara da tonon rijiyar burtsatse, likita, ƙarin ma'aikatan rajista da motocin ceto. Kyamara da shinge su biyo baya.