Wurin Shaƙatawa a Kurmin Mambila: Yadda Muke Aikinmu

Duk wanda ya taso daga Serti ya hau tsaunin Mambila ta Mayo Selbe, ya bi ta Maisamari da Nguroje har Gembu, zai ga tuddai na ciyawa iya ganin ido, sai ɗan kurmi baƙi ƙirin a maƙale cikin kwari, inda ƙorama ke gudu. Irin waɗannan ƙananan kurmin na ƙauyuka su ne wurin aikinmu. Muna shimfiɗa hanyar ƙafa, mu kafa rumfunan hutawa, mu yi gadoji da banɗaki, mu dasa itatuwa a gefen da ya ƙwaƙule, domin baƙi su zo su sha iska, mutanen gari su samu abin sawa a aljihu, kurmin kuma ya tsira da ransa.

Kafin diga ta taɓa ƙasa, sai an zauna da jauro, wato mai gari, da ardo da masu gonakin da ke kewaye. Shanu a nan suke shan ruwa tun kaka da kakanni, mata nan suke ɗiban ruwa da itacen girki. Idan ka killace wuri ba ka bar mashaya da burtali ba, wayar shingen ba za ta kai wata uku ba. Mukan ware mashaya a ƙasan kurmi, mu shimfiɗa mata dutse, mu bar idon ruwa a sama cikin shinge.

Babban abokin gabar wannan aiki ruwa ne. Tsaunin ya kai kimanin mita 1,600 daga doron teku, ruwan sama a shekara yana kai milimita 1,800, damina kuma doguwa ce, tun wajen Afrilu har Oktoba. Hanyar da aka miƙe ta sambal daga gindin tudu zuwa ƙoli, damina ɗaya za ta mayar da ita kwazazzabo. Shi ya sa hanyarmu kwana take yi tana bin jikin tudu. A kowace mita 10 ta tafiya ba ma so ta hau fiye da mita 1, kuma hawanta bai wuce rabin gangaren tudun da take ratsawa ba, domin in ya wuce, ruwa zai bar gangarensa ya bi hanyar. Faɗinta mita 1 zuwa 1.2 ya isa mutum biyu su gifta juna. Fuskarta mukan ɗan karkata ta waje, kamar santimita 5 a faɗin mita 1, yadda ruwa zai tsallake ya wuce a shimfiɗe. Bayan kowace mita 10 zuwa 15 sai mu sa hanyar ta ɗan sunkuya ta sake tashi, nan ruwan da ya taru zai fice tun bai yi ƙarfi ba.

Abin awon ba wani na'ura mai tsada ba ne. Sanduna uku ne a haɗe kamar harafin A, da zare da ɗan dutse a rataye daga sama. In zaren ya tsaya kan alamar tsakiya, ƙafafun biyu suna daidai. Da shi muke bin jikin tudu muna kafa turaku. A hannun tsofaffin magina na kan duwatsu muka ga yadda ake girke dutse ba siminti: babba a ƙasa, a binne kashi ɗaya cikin uku nasa, kowane dutse ya hau kan biyu, a jingina bangon ya ɗan kwanta wa tudu. Mai gwada dutse yakan juya shi sau uku ko huɗu a hannu kafin ya sami fuskar da zai zauna, sannan ya taka shi da ƙafa, in ya yi motsi ko kaɗan a ɗaga a sake. Bango irin wannan ruwa na ratsa shi ya wuce. Na siminti kuwa yakan tare ruwa a bayansa har ya tsage ya kife.

Nan ne takaicinmu yake. Masu kwaikwayo sun yi yawa. Mutum zai zo ya karya farashi, ya kawo tifa biyu ta yashi, ya malala kankare tun daga bakin kurmi har ƙorama, ya shafa koren fenti, ya ce ya yi wurin shaƙatawa. Kankare a inuwa mai laima gansakuka yake yi, ya zama santsi kamar an zuba kuɓewa, ga shi ya danne saiwoyin itatuwa. Mai wuri sai ya ga arha ya bi, damina biyu ya dawo yana neman wanda zai fasa masa.

Inda tudu ya yi tsaye dole a yi matakala. Tsayin kowane taki santimita 15 zuwa 18, faɗinsa aƙalla 30, kuma duk su zama daidai, domin ƙafa takan saba da taki na farko, wanda ya bambanta shi ke kayar da mutum. Bayan taki goma ko sha biyu a bar fili a huta. Gefen da aka yanka kuma ba a barinsa tsirara: mukan dasa ciyawar jema a jere, tsakanin tushe da tushe santimita 10 zuwa 15. Saiwarta ƙasa take nutsawa ba gefe ba, cikin damina biyu ta haɗe ta zama shinge mai tare laka.

Sai batun itace. Itacen turare ya cika Mambila, kuma ba mu raina shi ba, da shi ake rufi da girki, mu ma da shi muke turakun rumfa. Amma ba a dasa shi a bakin idon ruwa. Yana da saurin girma da yawan shan ruwa, ganyensa in ya zuba ba ya barin ƙananan tsiro su tashi. Masu arha shi suke zubawa saboda cikin shekara uku mai wuri zai ga tsayi. Mu na gida muke renawa: malmo a bakin ruwa, ɓaure saboda tsuntsaye da birai da ke cin 'ya'yansa su watsa iri, da wani itacen kurmi mai suna Prunus africana wanda masu ɓare ɓawonsa don magani suka rage shi ƙwarai. A gandun Ngel Nyaki da ke kusa da ƙauyen Yelwa, inda har yanzu akwai birin cimpanzi, masu bincike sun shafe shekaru suna gwada farfaɗo da kurmi, kuma abin da ake gani a fili shi ne, inda aka kare daga wuta da shanu, daji yakan fara dawowa. Ramin dashe santimita 40 ko'ina, ƙasar sama a ware ta a mayar da ita ƙasan rami da ruɓaɓɓen taki, tazara mita 2 zuwa 3, a dasa in damina ta zauna. Ciyawa ita ce ke kashe dashe, don haka sai an yi masa sharar gindi sau uku ko huɗu a shekara har ya fi ta tsayi. Cikin Nuwamba, kafin a fara ƙona daji, mukan share layin wuta mai faɗin mita 6 kewaye da wurin.

Rumfa da gora da gwangwala muke yi. Gorar ta kai shekara 3 zuwa 5, a sare ta da rani, a fasa gaɓoɓinta ta ciki da rodi, a jiƙa ta cikin ruwan boraks, wani sinadari mai hana ƙwaro cin ta, mako ɗaya zuwa biyu, a busar a inuwa. Masu kawo kaya nan suke cutar mutum: su haɗo ɗanya 'yar shekara ɗaya a tsakiyar dami, wata shida sai ka ga gari yana zuba daga jikinta, ƙwaro ya gama da ita. Kowane dami sai mun kwance mun duba ɗaya bayan ɗaya. Turaku ba sa taɓa ƙasa, a kan dutse muke ɗora su santimita 30 sama, bakin rufi kuma ya fito sosai ya kare su daga feshi.

Rufin kwano mai murabba'in mita 50, da irin ruwan Mambila, zai iya tara abin da ya kusa lita 90,000 a shekara, don haka indararo da tanki sun wadatar, ba sai an ja ruwa daga ƙorama ba. Banɗaki mita 30 aƙalla daga ruwa, kuma a ƙasa da idon ruwa, mai rami biyu, ana amfani da ɗaya ana zuba toka ko dusar katako, ɗayan yana hutawa. Fitila ta sola ce a wajen rumfa kaɗai, cikin kurmi ba ma sa ko ɗaya, kuma janareta ba ya shiga.

Mai ba mu aiki yakan ce mu rage masa kuɗi, mu gama kafin salla. Farashi a iya tattaunawa, lokaci kuwa ba a hannunmu yake ba. Hanya da bango da rani ake yinsu, dashe da damina, sannan mu dawo lokacin ruwan Agusta mu bi hanyar da lema muna kallon inda ruwa ya kwanta, mu kafa turke a wurin, a gyara kafin a buɗe wa baƙi ƙofa.