Yinin da Aka Ba Ni Tuta a Tafkin Havasu

Ni haifaffen Yauri ne, kuma tun kafin hannuna ya faɗa da rubutun allo na iya iyo a Kogin Kwara. Saboda haka lokacin da ƙanina, wanda ke aiki a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka, ya ce za mu je tafki a ƙarshen makon farko na ziyarar da na kai masa, ban ɗauki maganar a bakin komai ba, domin a ganina babu abin da mutanen hamada za su koya wa ɗan bakin kogi game da ruwa. Mun bar gida bayan sallar asuba, ni da shi da ɗansa mai shekara 13 da 'yarsa mai shekara 9, muna bin bayan maƙwabcinsa, wani dattijo Bature da ya yi ritaya, wanda ya ɗaura jirginsa na ruwa a kan ƙaramar tirela yana jan sa da a-kori-kura.

Tafiyar ta haura kilomita 300, kusan dukkanta cikin fako da duwatsu. Mun ɗan tsaya a garin Quartzsite, inda ƙanina ya nuna mini kabarin Haji Ali, wani mai kula da raƙuma da sojojin Amurka suka ɗauko daga Gabas ta Tsakiya a 1856, an gina masa ɗan dala da siffar raƙumi a bisa kansa; daga nan muka miƙe arewa ta garin Parker. Tafkin Havasu ba tafkin Allah da Annabi ba ne, ruwan Kogin Kolorado ne da madatsar Parker ta tare tun 1938, kamar yadda madatsar Kainji ta tare namu a 1968, kuma iyakar Arizona da Kalifoniya ta bi ta cikinsa. Abin da ya fi jawo baƙi garin Lake Havasu City da ke bakin tafkin shi ne tsohuwar gadar Landan, wadda attajiri Robert McCulloch ya saya a 1968, aka ɗebo duwatsunta daga Ingila kowanne da lambarsa, aka sake gina ta a kan tudu, sannan aka haƙa mashigin ruwa a ƙarƙashinta aka buɗe ta a 1971. Zafin wurin kuwa ya sa na daina yi wa Sakkwatawa ba'a, domin a 1994 ma'aunin zafi ya taɓa kaiwa digiri 53 a garin.

Na yi zaton da an zura jirgin cikin ruwa sai tafiya, amma dattijon ya cinye kusan rabin sa'a yana abubuwan da a lokacin na ɗauka ɓata lokaci ne. Ya fito da rigunan kariya daga nutsewa ya gwada wa kowa tasa, ya kama ta yarinyar ta kafaɗa ya ɗaga, da ya ga ta haye har kunnuwanta sai ya canja mata ƙarama. Ya kunna wata fanka da ke zuƙe tururin fetur daga ɗakin inji, ya bar ta tana aiki minti 4 kafin ya murɗa makulli, domin tururin da ya taru a rufaffen wuri tartsatsi ɗaya yake jira. Sannan ya maƙala wata jar igiya mai lanƙwasa a jikin rigarsa, ɗaya bakin nata a jikin makunni, ya ce idan wani abu ya fizge shi daga kujera igiyar za ta fita, injin ya mutu nan take. Jirgin da matuƙinsa ya faɗa ruwa injin yana aiki yakan riƙa kewayawa ne a wuri ɗaya, yana komowa kan mutumin da ya faɗa. Tun 1 ga Afrilu 2021 dokar tarayya ta wajabta amfani da wannan igiya a jiragen shaƙatawa da tsawonsu bai kai ƙafa 26 ba, muddin suna gudu.

Daga ƙarshe ya miƙo mini wata tuta mai ruwan lemo, faɗinta bai wuce taku ɗaya ba, a jikin ɗan sanda. Ya ce a wannan tafki ba a jan mutum da igiya a bayan jirgi don wasan zamiya a kan ruwa sai da mutum uku: matuƙi, da wanda ake ja, da mai sa ido, wanda zai zauna ya juya wa gaban jirgi baya, ba shi da wani aiki sai kallon wanda ke ƙarshen igiya, kuma da zarar ya faɗa ruwa, ko igiyar tana shimfiɗe a kan ruwa, sai ya ɗaga tuta don sauran jirage su sani. Ya ƙara da cewa doka ta yarda ɗan shekara 12 ya yi wannan aiki. Ƙanina ya yi murmushi ya ce, “Yaya, ka ga an ba ka sarauta.” Na karɓa ina dariya, amma a zuciyata na ji an raina ni, mutumin da ya sha ƙetare reshen kogi da iyo a ce aikinsa riƙe ƙyalle.

Mun ratsa mashigin da ke ƙarƙashin gadar a hankali ƙwarai, tafiyar da ba ta tayar da igiyar ruwa, domin haka alamomin wurin suka umarta. Jirage ne jere a gefe da gefe, kiɗa na tashi, mutane suna tsaye cikin ruwa iya ƙugu, yara suna fantsama tsakanin jirgi da jirgi. A nan na fara lura da abin da na sani tun ina yaro amma ban taɓa auna shi ba: jirgin ruwa ba shi da birki, kuma ba ya juyawa kamar mota, gindinsa ne ke fita waje idan an karya kwana, wato daidai inda farfela take. Yarinyar ta zame ta koma kan dandamalin da ke bayan jirgi tana so ta tsoma ƙafafunta, sai dattijon ya kira ta da muryar da ba ta da wasa ya ce ta dawo ciki. Ba farfela kaɗai yake gudu ba, hayaƙin inji ta ƙasan dandamalin nan yake fita, kuma yana ɗauke da iskar nan mai guba marar launi marar wari wadda ke kashe iyalai a gida idan aka kwana da janareto a ɗaki. A wannan mashigi musamman, a 2003, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi bincike ta tarar mutane suna shaƙar wannan iska a sararin Allah, saboda yawan jiragen da ke tsaye injinansu na aiki. Mai iyo da ya shaƙe ta ba ya ihu, suma yake yi ya nutse.

Da muka fita sararin tafkin sai na ga ashe ruwan ma yana da hannun tuƙi: jirage suna kewayawa ne saɓanin tafiyar hannun agogo. Ga kuma fararen alamomi masu yawo kamar goran masunta, kowace da zane mai ruwan lemo. Mai da'ira tana nufin a rage gudu ko a kiyaye wani sharaɗi, mai kusurwa huɗu a karkace da gicciye a cikinta tana nufin jirgi ba ya shiga, galibi saboda wurin masu iyo ne. Dattijon ya ce a ɓangaren Kalifoniya ba a wuce gudun mil 5 a sa'a, wato kamar kilomita 8, idan akwai mai iyo a cikin tazarar ƙafa 100, amma shi yakan ninka tazarar idan yana jan mutum, domin igiyar kanta ta kai mita 23, kuma wanda ake ja yana lilo dama da hagu fiye da faɗin jirgin nesa ba kusa ba.

Ɗan ƙanina ne ya fara shiga, da katako biyu masu tsawo ɗaure a ƙafafunsa. Kafin ya sauka sai da aka maimaita masa maganar hannu, tun da ƙarar inji ba ta barin a ji murya: babban yatsa sama a ƙara gudu, ƙasa a rage, shafa wuya da gefen hannu a kashe inji, bubbuga kai a koma gaɓa, idan kuwa ya faɗi ba abin da ya same shi sai ya haɗa hannuwansa biyu a bisa kansa. Ya tashi a yunƙuri na uku, ya yi zamiya kamar minti biyu, sannan ya kife. Na ɗaga tuta, na ce ya faɗi. Yadda dattijon ya koma ɗaukarsa shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Bai juya da gudu ba, sai da ya sauke wuta gaba ɗaya sannan ya kewayo a hankali, ya sa yaron a gefen da kujerar matuƙi take don kada jikin jirgin ya kare masa shi ko na ƙiftawar ido, kuma bai taɓa ja da baya ba. Da ya rage 'yan mitoci sai ya kashe injin, ya zare makullin ya ɗaga shi sama yaron ya gani, sannan ya ce ya matso tsani. Na tambaye shi me zai hana ya bar injin a firi kawai, kamar yadda direbobinmu ke cewa. Sai ya ce in leƙa. Na sunkuya ta baya, na ga farfelar cikin ruwan mai haske, fukafukai uku na ƙarfe masu kaifin baki, tsakaninta da matakalar tsani ta ƙasa bai fi kamu ɗaya ba. Ya ce ko a firi takan ci gaba da juyawa, kuma gwiwar mutum ɗaya da ta bugi hannun giya bisa kuskure ta isa.

Bayan azahar aka sauya wasa, aka jefa wata ƙatuwar roba da aka hura wa iska, mai kama da tif ɗin tayar babbar mota, yaron ya kwanta a kai rub da ciki. Wannan ta fi katako haɗari ta wani fanni, domin wanda ke kai ba shi da ikon sarrafa ta, duk inda igiya ta wurga shi nan zai tafi. Mun yi zagaye biyu lafiya, har idona ya saba, hannuna ya saki. A zagaye na uku ne na hango jakuna uku a kan wani dutse a bakin ruwa, jakunan jeji marasa mai su, jikokin waɗanda masu haƙar ma'adinai suka saki tun da daɗewa, kamanninsu sak na jakunan da ke kai itace kasuwar garinmu. Na juya, na zaro waya. Ban san daƙiƙa nawa na ɗauka ba, amma ba za su wuce biyar ko shida ba. Abin da ya dawo da ni shi ne ihun yarinyar: “Baba, Yaya ya faɗi!”

Da na waiwaya robar tana ta tsalle a bayanmu ba kowa a kai. Jirgin da ke gudun kilomita 30 a sa'a yana cin sama da mita 40 a cikin daƙiƙa 5, saboda haka yaron ya riga ya yi nisa, kuma duk abin da ya rage na mutum a kan ruwa kai ne kawai, bai fi ƙoƙo ba, yana ɓuya yana bayyana tsakanin igiyoyin ruwa. Can bayansa ga wani jirgi tafe a kan sawunmu, hancinsa a ɗage sama yadda matuƙinsa ba zai iya ganin abin da ke dab da gabansa ba. Na miƙe tsaye na ɗaga tutar iya tsawon hannuna ina kaɗa ta kamar mahaukaci. Allah ya kiyaye, wani a cikin jirgin ya gani ya nuna, suka sauke gudu suka kauce ta hagu, suka wuce da tazara mai kyau. Ƙanina bai ce uffan ba, amma na ga yadda ya damƙe ƙarfen gefen jirgi har yatsunsa suka yi fari.

Dattijon ya ɗauko yaron daidai yadda ya yi da safe, ba gaggawa, har da zare makulli. Sai da kowa ya zauna sannan ya dube ni ya ce shi idanunsa biyu ne, kuma dukkansu na gaba ne, domin idan ya waiwaya zai iya hawa kan ɗan wani. Ni ne idon ƙeyarsa. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, kuma bai karɓe tutar ba, abin da ya fi mini zafi fiye da faɗa.

Sauran yinin na yi shi ne wayata tana cikin jaka, ina tunanin mashayar garinmu. Haɗurran da suka fi ci mana mutane a gida iri dabam ne: lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da kututturan itatuwa da tafkin Kainji ya binne, da rashin rigar kariya, kamar jirgin da ya tarwatse kusa da Warrah a watan Mayun 2021 ya tafi da mutum sama da 100. Amma na tuna yadda muke yi muna yara, mu kama gefen jirgin kasuwa yana shigowa, mu yi iyo a bayansa mai inji yana ƙoƙarin juya shi, ba wanda ke ƙirga kawunanmu kafin a ja igiyar Yamaha. Muna kiran abin gwaninta. Ban taɓa tambayar kaina ba ko mai injin yana ganinmu.

Doka ta hana jan mutum daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, amma dattijon bai jira hakan ba, rana tana da sauran tsawon mashi ya ce a naɗe igiya. Kafin ya murɗa makulli ya ƙirga mu da yatsa, ɗaya bayan ɗaya har biyar da shi kansa, ya leƙa bayan jirgi, sannan ya tayar. Mun yi sallar magariba a kan tsakuwa kusa da inda aka ajiye motoci, duwatsun suna fitar da zafin da suka sha tun safe. A hanyar komawa yarinyar ta yi barci, ƙanina yana tuƙi, sai yaron ya leƙo daga kujerar baya ya ce, “Baffa, lokacin da na faɗo daga robar nan ka gan ni?” Na ce masa ban gan shi ba, jakuna nake kallo. Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce shi dai ya haɗa hannuwansa a bisa kai kamar yadda aka koya masa, yana ta jira in ɗaga tuta, har hannuwan suka gaji.