Ƙwayar da Baba ke sha da dare

Jiya bayan Isha'i muna zaune a zaurenmu na Ƙofar Ƙaura, Baba ya miƙo mini kwalin maganinsa ya ce in ɓallo masa guda. Wata uku ke nan da likita ya auna jininsa ya ce kitse ya yi yawa, musamman LDL, wanda ke taruwa a bangon jijiya har ya toshe wa jini hanya. Tun ranar Inna ta janye man shanu daga tuwo, tsiren dare ma aka yi sallama da shi. Wanda ya san Baba da tsire ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Na tsaya ina kallon 'yar ƙwayar a tafin hannuna. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya yi ta gwada funfuna, wajen iri 6,000, har a 1973 ya samo sinadarin da ke rage wa hanta ƙera kolestarol, wato irin kitsen nan na jini. Funfuna fa, dangin wadda muke gani a kan tsohon burodi mu yar! Daga nan magungunan statin suka fito, irin wannan ƙwayar ta Baba, na farko ya samu izini a Amurka a 1987. A Dalas kuma Michael Brown da Joseph Goldstein suka gano yadda jiki ke kwashe LDL daga jini, aka ba su kyautar Nobel a 1985.

Endo ya rasu a 2024. Wallahi ina jin sa a raina kamar wani dattijon unguwarmu.

Baba ya kora da ruwa, ya ce, "Gobe bayan Asuba ka raka ni tattaki."