Ranar da na ga teku yana tafasa da kifi

Jiya da yamma na shiga kasuwa nan Gombe sayen busasshen kifi, sai na ga wata baiwar Allah ta zuba ƙananan nan a faranti, irin waɗanda ko tsawon ɗan yatsa ba su kai ba, ana aunawa da gwangwani. Na tsaya ina ta kallonsu har ta ce Alhaji za ka saya ne ko kuwa? Ban saya ba. Amma tun daga wurin hankalina ya tafi wani waje mai nisa, shi ne na ce bari dai yau in zauna in rubuta labarin nan da na daɗe ina ba abokai a majalisa gutsi-gutsi, tunda ga shi kaka ta sake zagayowa.

A 2019 ne Allah ya kai ni Amurka karatu, jihar Fulorida, wani gari a bakin Tekun Atlantika da ake kira Melbon. Kafin nan ni ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi da muka tashi daga Legas. Ruwan da na sani shi ne Gongola da dam ɗin Dadin Kowa, don Kawuna masunci ne a can kuma duk hutun makaranta wurinsa ake tura ni, nan na koyi jefa birgi da ɗana mamari da gyaran kalli idan ya yage. To da na je can kewar gida ta dame ni, ba abin da na fi so kamar in ga ruwa, shi ne na sayi sandar fatsa irin tasu mai abin naɗe zare, na yanki lasisi, don can ba ka isa ka jefa ƙugiya haka kawai ba, na fara zuwa bakin teku duk Asabar.

Sati uku ina zuwa ba abin kirki. Ina sayen jatan lande matacce in maƙala in jefa in zauna, irin zaman da muke yi da tana a gida, sai 'yan ƙananan da ke cinye abincin su bar min ƙugiya. A farkon Satumban nan ma guguwar Dorian ta bi ta gefen jihar, ruwa ya yi kwanaki a gurɓace.

Wajen ƙarshen watan ne wani abokin karatuna ya ce mu je mashigin Sebastiyan, kudu da garinmu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a mota. Bari in ɗan yi bayanin wurin don shi ne kan maganar. A bayan gaɓar tekun akwai wani dogon tafki da suke kira Kogin Indiya, sunan ne kawai kogi, ruwa ne kwance mai tsawon kusan kilomita 250 inda ruwan daɗi da na gishiri suke gauraya, ba zurfi sosai. Tsakaninsa da teku akwai siririn tsibiri na yashi, to a 'yan wurare kaɗan ne aka sami ƙofa da ruwan yake shiga yana fita, Sebastiyan ɗaya ce daga ciki kuma mutane ne suka haƙa ta. An gina doguwar gada ta siminti da duwatsu ta shiga cikin teku, a kanta masu fatsa suke jeruwa.

Mun yi asuba a gida muka kama hanya, gari na wayewa muna kan gadar. Da farko abin da na gani wani baƙi ne a cikin ruwa kusa da gaɓa, na ɗauka inuwar girgije ce, na ɗaga kai sama ba girgije ko ɗaya. Baƙin nan yana tafiya a hankali ya nufi kudu, tsawonsa ya fi filin ƙwallo. Sai kawai wurin ya fashe. Wallahi kamar an zuba ruwa a tafasasshen mai, ƙananan kifi suna tashi sama ɗaruruwa lokaci guda suna zubowa kamar ruwan ƙanƙara, ƙarar har kan gadar muna ji, a tsakiyarsu wani ƙaton kifi fari fat kamar sabon kwano ya yi tsalle gaba ɗayansa ya fito daga ruwa, tsawonsa ya kai ni, ya faɗa ya bar rami a cikin garken. Sama kuma kwasakwasa suna naɗe fuka-fuki suna faɗowa da ka. Na manta da sandar da ke hannuna, tasbihi kawai nake yi.

Ƙananan nan su ake kira malet. Duk lokacin zafi suna cikin tafkunan bayan gaɓa da bakin ƙoramu suna kiwo, abincinsu gansakuka da ruɓaɓɓen ganye na ƙasan ruwa, kusan irin cimar karfasa, shi ya sa ba kasafai suke cin ƙugiya ba, da birgi ake kama su. Idan kaka ta shigo, rana ta fara gajarta, ruwa ya fara sanyi, iskar arewa maso gabas ta taso, sai su fito ta mashigan nan su haɗu garke-garke su bi gaɓa su yi kudu, manyan cikinsu kuma daga baya su yanki cikin teku su je su zuba ƙwai. Daga Satumba zuwa Oktoba abin ya fi ƙarfi, wato daidai lokacin da mu nan ake yankan gero ana shirin wake. Kuma duk wani mai haƙori a tekun ya san da zancen, yana biye da su: tafon, wannan farin ƙaton da na gani, da sunuk, da jak mai ƙarfin tsiya, da bulufish mai datse kifi biyu ya bar kai yana yawo, da shak, har dolfin.

Wanda ya buɗe min ido wani dattijo ne baƙar fata da na tarar a gadar, da gani ya shekara da shekaru a wurin don kowa gaishe shi yake. Ya ga na jefa jatan landena tsakiyar garken sai ya girgiza kai. Abin da ya faɗa min, in na mayar da shi Hausa, cewa ya yi yau ba wanda zai kalli matacce alhali ga mai rai ya cika ruwa, kuma ko mai ran ne in ka jefa shi tsakiya ya zama ɗaya cikin dubu, wa zai gan shi? Ka sa shi a gefen garke ko a ƙarƙashinsa, ya zama kamar wanda ya gaji aka bari a baya, shi manyan suke nema. Ya miƙo min birginsa wai ko na iya. Na karɓa na tattara shi yadda Kawu ya koya min na watsa, ya buɗe zagaye guda ya sauka, na jawo malet sun fi ashirin. Dattijon ya kalle ni ya ce a ina ka koya? Na ce a wani dam a arewacin Najeriya, kilomita ɗaruruwa daga teku. Daga ranar muka saba.

Abu na biyu da ya koya min shi ne ruwan teku ba ya zama wuri ɗaya. Sau biyu cikin dare da yini yana cikowa sau biyu yana janyewa, kusan awa shida-shida, kuma kullum lokacin yana ƙara matsawa da kamar minti 50, wata ne ke jan sa. Idan ruwa ya tsaya cak tsakanin cikowa da janyewa kifi ma kwanciya suke, da ya fara gudu sai ci ya tashi. A mashigi an fi son lokacin da yake janyewa, don ruwan tafkin gaba ɗaya yana matsowa ta ƙofar nan yana kwaso ƙananan kifi ko suna so ko ba sa so, su kuma manyan sun laɓe a bayan duwatsu inda ruwa ba ya gudu sosai, abinci na zuwa musu har baki. Abin da ya ƙara min daɗi, gudun ruwan ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu. Su sai sun duba waya ko jadawali, ni kuwa lissafin watan Musulunci yana kaina, in na san yau nawa ga wata na san irin ruwan da zan tarar.

A nan ne fa tsigar jikina ta tashi, don ina tsaye a kan gadar nan sai na ji kamar muryar Kawu. Da damina idan sabon ruwa ya zo kifin Gongola haurawa yake ya bazu cikin fadama da ciyayi ya yi ƙwai, 'ya'yan su girma a can inda abinci yake da wurin ɓuya. Da kaka ruwa ya fara janyewa dole su dawo kogi ta 'yan mashigai, kawara da 'ya'yan karfasa, to a bakin mashigan nan tsage da giwan ruwa suke tsayawa. Kawu ba ya taɓa cewa mu je neman giwan ruwa, cewa yake mu je mu ga inda kawara take. Yana duba inda ruwa ke yin tsattsafi da inda tsuntsaye suka taru sannan ya juya kwalekwale. Ashe karatu ɗaya ne, lokaci ma ɗaya, ruwan ne kawai wannan da gishiri wancan babu. Har sunuk ɗin ma in ka kalli bakinsa da ƙirarsa sai ka tuna giwan ruwa, kuma masana sun daɗe suna lissafa su a dangi ɗaya kafin a raba.

Sunuk na farko da ya ci min ƙugiya bai kai minti ɗaya ba zare ya tsinke. Murfin kunnensa kaifi ne da shi kamar reza, in ya girgiza kai yanka zaren yake, dole sai ka ɗaura wani guntun zare mai kauri kafin ƙugiya. Na biyu na fito da shi, kifi mai kyau, azurfa da baƙin layi ɗaya tun daga kunne har wutsiya. Dattijon ya ɗauko abin awo ya shimfiɗa shi, inci 27. Ya ce mayar da shi. Doka a gaɓar nan sai wanda ya kai inci 28 kuma bai wuce 32 ba, guda ɗaya tak ga mutum a rana, a cikin watannin da aka buɗe, kuma sai kana da wani izini na sunuk daban bayan lasisin. Inci ɗaya! Gaskiya ya yi min ciwo, kifin da a gida zai ciyar da mutum shida. Na tsuguna na riƙe shi a ruwa har ya farfaɗo ya kaɗa wutsiya ya tafi. Tafon ma ba a ɗaukarsa, kamawa ake a saki, wanda ya wuce inci 40 ko fito da shi daga ruwa ba a yarda ba. Af, tafon ɗin nan da suke ta tinƙaho da shi muna da shi a gaɓar Afirka ta Yamma, mafi girma ma da aka rubuta an kama da fatsa a Gini Bisau ne a 2003, kusan kilo 130.

Sai tsakiyar Oktoba na samu rabona, da daddare ruwa na janyewa, inci 30. Na yi farfesu da yajin da Inna ta ƙullo min, muka ci mu biyar 'yan Najeriya.

Abin da ke ci min rai tun da na dawo shi ne faranti irin na jiya. Ni ba na zagin masunci, na san abin da ake ciki, mutum ya kwana a ruwa ya fito da abin da bai kai kuɗin mudun masara ba dole ya kama duk abin da ya samu. Amma gidan sauron da aka raba don yara su kwana ciki shi wasu suke ɗinkewa su ja a bakin mashigi daidai lokacin da 'ya'yan kifi ke dawowa daga fadama, ba ya barin komai, wasu har magani suke zubawa a ruwa. Sannan a zauna ana cewa giwan ruwa ya yi wuya. To me zai ci ya zauna? Can na ga da idona abin da ke tara manyan kifi har bakin yashi inda yaro ma zai iya jefa ƙugiya ya same su, ƙananan nan ne da aka bari suka yi yawa. Su ma mutanen Fulorida ba wai waliyyai ba ne, sai da malet ya ragu sosai saboda masu kama shi don ƙwansa, jihar ta hana kalli a ruwanta a 1995 bayan jama'a sun kaɗa ƙuri'a a kai.

Da na je gaida Kawu bayan dawowata na nuna masa bidiyon a waya. Na zaci tafon ɗin zai burge shi, ko kallo na biyu bai yi masa ba. Ya sa na mayar baya wurin da dattijon ke watsa birgi, ya matso da wayar kusa da ido ya ce, ɗan nan, idon ragarsa yatsa nawa ne? Na ce Kawu ban auna ba, amma ƙanana sosai suna zubewa. Ya yi shiru, ya miƙo min wayar.

Shekaranjiya ya kira ni wai ruwa ya fara sauka, kawara ta fara fitowa, in ina so in ga tsage yana ci in zo kafin sati biyu. Na riga na ciro sandar daga bayan ƙofa na sake mata zare, Asabar in sha Allahu da sassafe ina tashar motar Dadin Kowa.