Talata, daga Sorrento zuwa Salerno

Hanyar gabar tekun Amalfi, wadda 'yan Italiya ke kira SS163, tsawonta bai wuce kilomita 50 ba, amma ta cinye mana yini guda cur. Yanzu da nake rubutun nan kafaɗuna ciwo suke yi, ƙafar hagu kuwa ta gaji da taka kuloci.

Fiat Panda mai giyar hannu aka ba mu a wurin haya. Uwargida ta so a ɗauki babba saboda jakunkuna, ma'aikacin ya yi murmushi ya ce mu gwada wannan tukuna. Ya duba lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, muka zagaya motar tare yana nuna mini duk inda ta ƙarce, ni kuma ina ɗaukar hoto. Ya kuma ja kunnena kan abu biyu. Tun 2022, a lokutan cunkoso ana raba ranakun shiga hanyar bisa lambar mota, cika ko mara, kuma tamu ta dace da yau. Sai allon da aka rubuta ZTL a tsakiyar garuruwa, wato yankin da aka taƙaita shigar motoci: wanda ya kutsa babu mai tsayar da shi, kyamara ce za ta ɗauke shi, tara ta biyo shi bayan watanni.

Wanda ya nufi gabas daga Sorrento, shi ne ke bin gefen teku. Ma'ana uwargida ce ke zaune a bakin ramin, tsakaninta da ruwa sai 'yar katangar dutse. Kafin mu kai Positano ta yi salati ya fi a ƙirga, daga baya kuma ta saki jiki. "Maigida, dubi gidajen can, a jikin dutse fa suke rataye!" Na ce, "Hajiya, ki duba mana mu biyu." Haka muka yi har yamma. Direba a wannan hanya ba ya ganin teku. Abin da yake gani kwana ce bayan kwana, da madubin da aka kafa a kowace kusurwa don a hango mai zuwa, da 'yan babur masu ratsawa ta inda ba ka yi zato ba.

Masu hanyar na gaskiya direbobin bas ɗin kamfanin SITA ne. Kafin kwana mai tsanani sai su danna hon mai tsawo, duk wanda ya ji ya san ya nemi wurin raɓewa. Kusa da Praiano muka yi kiciɓis da ɗaya a inda hanyar ta tsuke. Ya tsaya, ya leƙo, ya yi mini alama da hannu in ja baya. Na baya da ni ma ya ja, na bayansa ma haka, babu mai zagin wani. Na naɗe madubin gefe, bas ya wuce, tsakaninmu bai kai tafin hannu ba, direban kuwa hira ma yake da wani fasinja. Ban ga laifin kowa ba. A zamanin Sarki Ferdinando na Biyu aka sassaƙe hanyar nan a jikin dutse, aka gama ta a shekarun 1850, lokacin da keken doki ne babban abin hawa.

Gadar Furore, wadda kowa ke ɗauka a hoto, na haye ta ban sani ba sai da aka gaya mini.

A Amalfi neman wurin ajiye mota ya fi tuƙin wuya. Shuɗin layi na kuɗi ne, rawaya an keɓe shi, fari kyauta ne amma ban ga ko ɗaya babu mota ba. Daga ƙarshe muka shiga Luna Rossa, garejin da aka haƙa a cikin dutse tsakanin Amalfi da Atrani. Sai da na sauka na ga garin da idona. Ƙofar tagulla ta babban cocin a Kustantiniyya aka ƙera ta a ƙarni na 11, bakunan ginin kuma duk wanda ya san ginin Larabawa zai gane su. Ba abin mamaki ba ne, domin 'yan kasuwar Amalfi sun daɗe suna ciniki da Masar da arewacin Afirka, har sana'ar yin takarda ta wannan hulɗa ta iso musu. Sama da garin gonakin lemun tsami ne hawa-hawa, kowanne ɗa ya kusa cika hannu biyu.

Ravello, garin da ke can saman dutse, mun haƙura da ita, hawan ya ishe ni. Daga Maiori zuwa Vietri motoci sun ragu, kwanonin dai suna nan, amma na fara gane su, har na riƙa sauke giya tun kafin madubi ya nuna mini komai.

Ɗazu uwargida ta nuna mini hotunan da ta ɗauka ta taga, rabinsu ban san inda aka ɗauke su ba. Gobe da safe zan cika tanki in mayar musu da motarsu. Akwai jirgin ruwa daga nan Salerno zuwa Positano, na riga na ce kujerar gefen tudu tawa ce.